Tambayoyi da Amsoshi Kan Raɗa Suna a Manhajojin Lissafi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matasanmu masu rubuta manhaja a nan Legas: ɗaliban da ke karatu a Akoka da Yaba, da masu aiki a kamfanonin hada-hadar kuɗi, da ƙannenmu na Agege da Idi-Araba da ke koyo da kansu a kan tsohuwar laftof. Na tara su wuri guda don wanda ya zo daga baya ya samu. Wasu amsoshin na taƙaita su, wasu kuwa na tsaya a kansu sosai, domin a nan ne ake yin asara.

Malam, tunda kwamfuta ba ruwanta da sunan da na ba abu, me ya sa ake matsa mana a kan suna?

Gaskiyarka, kwamfuta ba ruwanta. Ko ka kira ma'ajinka, wato wurin da manhaja ke ajiye ƙima, `a1` ko `jimillar_kudi`, amsa ɗaya za ta ba ka. Sai dai ba ita kaɗai ke karanta abin da ka rubuta ba. Abokin aikinka zai karanta, wanda zai gaje ka zai karanta, kai ma za ka dawo bayan watanni ka tarar ka manta abin da kake nufi.

A manhajar lissafi abin ya fi tsanani, saboda kuskurenta ba ya ihu. Manhajar da ke nuna hoto in ta lalace, kowa zai gani da idonsa. Ta lissafi kuwa lamba za ta miƙo maka, tsaf da ita, da ɗigo da komai, ka ɗauka ka sa a rahoto alhali ba daidai ba ce. Mai amfani da fankshin ɗinka, wato guntun manhaja mai suna da ke yin aiki guda, ba zai buɗe cikinsa ya duba kowane layi ba. Sunan zai karanta ya yarda da kai. Saboda haka ni a wurina suna amana ne: abin da ya ce fankshin yana yi, shi ya kamata ya yi, kuma ya yi shi iri ɗaya a duk inda sunan ya bayyana.

To ai lissafi ɗaya ne a duk duniya. In na ga suna ɗaya a manhajoji biyu, ba aiki ɗaya suke yi ba?

A'a, ɗan'uwa, kuma wannan zaton shi ne ya fi cin mutane. Duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, ko da yake duk mudu ake ce musu. Wanda ya yi ciniki da sunan bai duba kwanon ba, shi zai kwana a ciki.

Ɗauki `log`. A yarukan rubuta manhaja irin su Python da C da MATLAB da R, in ka rubuta `log` na 100 za ka samu kusan 4.605, domin logaridim mai tushen e suke nufi. A Excel kuwa `LOG(100)` zai ba ka 2, domin tushensa 10 ne in ba ka faɗi wani ba, kuma mai tushen e sunansa `LN` a can. Yaron da ya fito daga sakandare da teburin logaridim a kansa, tushe 10 ya sani. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da al'adar gidansu.

Wani misalin ya fi wannan ɓoyuwa, wato mizanin warwatsuwar lambobi da ake rubutawa `std`. Ka ba NumPy, wani laburaren Python (wato tarin fankshin da aka riga aka rubuta), lambobi uku, 2 da 4 da 6, zai ce maka 1.633. Ka ba pandas, shi ma laburaren Python ne, waɗannan lambobin dai, zai ce 2. Dalili shi ne NumPy yana rabawa da adadin lambobin, wato n, pandas kuma yana rabawa da n − 1, kamar yadda `sd` na R da `std` na MATLAB suke yi. Abin lura shi ne pandas a kan NumPy aka gina shi, kuma sau da yawa a fayil guda ake kiransu. In lambobinka dubbai ne, bambancin ba zai taka kara ya karya ba. In kuwa sakamakon gwaji biyar ne daga ɗakin gwaje-gwaje, zai iya sauya abin da za ka rubuta a kundin digirinka. Excel ya raba gardamar tun sigar 2010 da sunaye biyu, `STDEV.P` da `STDEV.S`, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi gaskiya: in lissafi biyu ne, a ba su suna biyu.

Haka `round`. Python 3 yana mayar da 2.5 zuwa 2, yana mayar da 3.5 zuwa 4, domin in lamba ta tsaya a tsakiya cif, wadda biyu ke raba ta yake zaɓa. Excel da MATLAB suna mayar da 2.5 zuwa 3. Mai lissafin albashi ko riba dole ya san da wanne yake aiki.

Na kwafi lissafin alƙibla daga Python zuwa Excel, sai amsar ta canza. Me ya faru?

Kusan tabbas `atan2`, fankshin ɗin da ke fitar da kusurwa daga x da y, shi ne ya yi miki haka, 'yar'uwa. A C da Python ana fara miƙa masa y sannan x. `ATAN2` na Excel kuwa x yake fara karɓa sannan y. Haruffan sunan ɗaya ne, jerin ne ya juye. Daga Legas alƙibla tana wajen digiri 63 daga arewa in ana juyawa ta gabas. In kika kwafi lissafin yadda yake ba ki musanya su ba, digiri 27 za ki samu ko kusa da haka. Excel ba zai yi miki gargaɗi ba, domin 27 ma lamba ce mai kama da gaskiya.

Jerin abubuwan da ake miƙa wa fankshin yana cikin sunansa, ko da ba a rubuta shi a cikin haruffan ba. Masu aikin taswira sun san wannan ciwon. Google Maps yana fara kawo latitud sannan longitud, tsarin GeoJSON kuma longitud yake farawa da shi. Legas tana wajen 6.5 arewa da 3.4 gabas. Ki juya su, sai ɗigonki ya faɗa cikin teku, can kudu da gaɓar Neja Delta. Mai manhajar kai saƙo da ya yi wannan kuskuren zai ga duk masu baburansa suna yawo a kan ruwa.

Maganin da nake ba da shawara shi ne, duk inda yaren ya ba da dama, a kira kowace ƙima da sunanta lokacin miƙawa: `lat=6.5, lon=3.4`. Kuma a cikin aikinki ki tsayar da jeri guda, kada wannan fankshin ya fara da latitud wancan ya fara da longitud.

Me ya sa tsofaffin laburare suke da sunaye marasa kan gado irin su DGESV?

Suna da kan gado, har sun fi na yawancinmu. Yaren Fortran 77 bai yarda suna ya wuce haruffa shida ba. Waɗanda suka rubuta LAPACK, laburaren lissafin matiriks da ya fito a 1992, sai suka raba shidan nan gida uku. Harafin farko yana faɗin irin lambar: S da D na lambobin zahiri ne, D ya fi S zurfin daidaito, C da Z kuma na lambobin kwamfileks. Biyun da ke biye suna faɗin irin matiriks ɗin: GE na gama-gari, SY na wanda gefensa biyu suka yi daidai, TR na mai siffar kusurwa uku. Sauran suna faɗin aikin: SV warware jerin lissafi, EV nemo ƙimomin aigen. Da zarar ka riƙe wannan, kana ganin `DSYEV` ka san aikinsa, kuma za ka iya cewa lallai akwai `ZGESV` tun kafin ka duba, ka duba kuma ka same shi.

Wannan shi ne abin da nake so matasanmu su ɗauka. Suna mai kyau ba lallai ya yi daɗin faɗa ba. Abin nema shi ne mutum ya koyi ƙa'idar sau ɗaya, sannan ya riƙa cinkar sauran sunayen daidai. Kuma kada ka ɗauka abin tarihi ne: duk lokacin da ka kira `numpy.linalg.solve`, ɗaya daga cikin dangin GESV ɗin nan ne ke yin aikin a ƙarƙashi.

Fortran ya bar mana wani gadon. A tsohon tsarinsa, duk ma'ajin da sunansa ya fara da harafi daga I zuwa N, cikakkiyar lamba ce in ba a faɗi akasin haka ba. Ya bi al'adar masana lissafi ne, kuma har yau `i` da `j` da `k` muke ƙirge da su.

An ce mana kada mu yi suna da harafi ɗaya. Amma a littafin lissafi komai x ne da n da A. Wanne zan bi?

Dokar nan an yi ta ne don manhajar kasuwanci, kuma a can tana da amfani. A lissafi a sassauta ta. In kana rubuta fankshin na layi goma da ke warware Ax = b, ka bar su `A` da `x` da `b`, domin duk wanda ya san fannin da su ya saba, kuma zai iya ajiye littafi kusa da allo ya gwada layi da layi. In ka mayar da su dogayen sunaye, lissafin zai nutse a cikin kalmomi.

Ma'aunin shi ne nisan tafiyar sunan. Wanda zai rayu a layi biyar ya mutu, harafi ɗaya ya ishe shi. Wanda zai fita daga fankshin ya shiga wasu fayiloli, ko baƙo ya kira shi daga waje, a ba shi cikakken suna. Kuma in ka ɗauko harafi daga wata takarda, ka rubuta a saman fankshin ɗin wace takarda ce da wane lissafi a cikinta, domin `k` na wannan marubuci ba shi ne `k` na wancan ba. Akwai fankshin na musamman da ake kira `ellipk` a SciPy da `EllipticK` a Mathematica da Maple: SciPy da Mathematica m suke karɓa, Maple kuma k yake karɓa, alhali m daidai yake da k sau k.

Haruffa uku ne jagoran salon Python, wato takardar PEP 8, ya ce a guje musu su kaɗai: ƙaramin `l`, da babban `O`, da babban `I`, saboda a wasu rubutun ba a bambanta su da 1 da 0.

Wane salo ya fi: haɗa kalmomi da ɗan layin ƙasa, ko fara kowace kalma da babban baƙi?

Babu wanda ya fi. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. A Python, takardar PEP 8 ta 2001 ta ce fankshin da ma'aji ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa, kilas kuma kowace kalma da babban baƙi. A Mathematica, wadda ta fito a 1988, duk sunayen da suka zo da ita da babban baƙi suke farawa, kuma galibi cikakkun kalmomi ne irin su `Integrate` da `Solve`, shi ya sa ake so naka su fara da ƙarami don kada ku yi karo. A C babu rumbun da ke raba sunayen laburare, sai kowa ya liƙa tambarinsa a gaba: `gsl_` na GSL, `mpz_` na cikakkun lambobin GMP. PEP 8 ɗin ma da kanta ta ce daidaito a cikin aikin da kake yi ya fi bin ta muhimmanci. Kada a ɓata yini ana wannan musu.

Yaya, zan iya raɗa sunayen da Hausa? Har da ƙ da ɗ da ɓ?

Za ka iya. Tun Python 3, wanda ya fito a 2008, `ƙima = 5` yana aiki lafiya lau, haka ma a Julia. Kuma ina son a riƙa yi wajen koyarwa. Na ga yadda fuskar yaro ke washewa in ya ga `tsawo * faɗi` a allo, ya gane cewa abin nan ba tsafi ba ne, lissafin da ya sani ne.

Amma akwai abubuwan da za ka kiyaye. Alamar ɗauri da ke cikin kalmomi irin su ma'auni da jama'a ba ta shiga suna, domin yaren zai ɗauka ka buɗe zance ne. Sannan `kudi` da `kuɗi` ma'ajai biyu ne daban a wurin kwamfuta. In kai kana da madannai masu ƙugiya abokin aikinka ba shi da su, wata rana zai zuba ƙima a `kudi` alhali lissafin yana karanta `kuɗi`, kuma ba lallai a yi muku gargaɗi ba. Ku yanke tun farko: ko da ƙugiya ko'ina, ko babu ko'ina.

Sai kuma maganar inda muke zaune. A Legas da wuya ka samu ofishin da duk masu rubuta manhajarsa Hausawa ne. Na kusa da kai Bayarabe ne, na gabanka Ibo, wani ma yana aiki daga wata ƙasa. Aikin da za ku yi tarayya a kansa, sunayensa su kasance da yaren da kowa a tawagar ke karantawa, wanda a nan Turanci ne. Wannan ba raina Hausa ba ne, haƙƙin abokin aiki ne. Inda Hausa za ta yi mana babban amfani shi ne bayanin koyarwa, da darussa, da saƙon da manhaja ke nuna wa mai amfani da ita. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne gauraye: `total_kudi` a sama, `jimlar_amount` a ƙasa.

Dole ne in sa ma'auni a cikin suna?

In lambar tana da ma'auni kuma yaren ba ya riƙe shi da kansa, sa shi. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace saurin biyan mai ita.

Masu aikin biyan kuɗi ta intanet a nan sun san Paystack da kwabo yake karɓar adadi: naira 100 ana tura ta a matsayin 10000. Akwai hikima a ciki, domin lamba mai ɗigo ba ta da tabbas a kwamfuta, ka tara 0.1 da 0.2 a Python ka ga 0.30000000000000004. To in ma'ajinka sunansa `amount` kawai, wa ya san naira ce ko kwabo? Kuskure ɗaya, ka caji mutum ninki ɗari, ko ka sayar da kayan dubu goma a naira ɗari. `amount_kobo` ya kashe maganar. Haka harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari: wani zai ajiye shi 7.5, wani 0.075, duk su kira shi `vat`. Haka kusurwa: `sin(30)` a Python yana ba da −0.988, ba 0.5 da ɗalibi ya saba gani a kalkuletarsa ba, domin radiyan yake jira. MATLAB da Julia sun ware `sind` don digiri, harafi ɗaya ya raba su.

Babban misalin da ake bayarwa shi ne kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ta Amurka, wanda ya salwanta a watan Satumba na 1999. Wata manhaja a ƙasa tana fitar da lambobi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa tana ɗaukarsu a ma'aunin niyuton, bambancin ya kai ninki 4.45, kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima. Ba zan ce suna kaɗai zai cece shi ba, akwai sakacin bincike da gwaji a ciki. Amma lambar da ke yawo ba ma'auni a jikinta, a nan irin wannan ɓarnar ke samun ƙofa.

Ta yaya mai kira zai san fankshin zai taɓa ainihin bayanansa ko kwafi zai ba shi?

Julia ta yi abin da ya burge ni a nan. Fankshin da ke sauya abin da aka miƙa masa yana ƙarewa da alamar motsin rai: `sort` ya ba ka sabon jeri, `sort!` ya jera naka a inda yake. Al'ada ce kawai, yaren bai tilasta ba, amma jama'arsa sun riƙe ta. A Python `sorted` kwafi yake bayarwa, `.sort()` kuma yana sauya na asali. A NumPy kuwa `np.sort(a)` kwafi ne, `a.sort()` a wurin yake yi, kalma ɗaya aiki biyu. In yarenka ba shi da alama, ƙirƙiro taka, kamar ƙara `_inplace` a ƙarshe, ka bi ta ba fashi. Matiriks mai layi miliyan ba a son yawan kwafarsa, shi ya sa ake sauya shi a wurin, kuma shi ya sa dole mai shi ya sani.

Haruffan Girka fa, irin su α da λ?

A Julia an saba da su, ana buga `\alpha` a danna Tab ya fito. A Python ma suna aiki, sai dai ba kowa ke da hanyar buga su ba, don haka rubuta `alpha` ya fi sauƙi ga jama'a. `lambda` kalma ce da Python ya keɓe wa kansa, shi ya sa za ka ga `lam` a NumPy, wasu su rubuta `lambda_` kamar yadda PEP 8 ta ba da shawara. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Kuma ka yi hattara da sunayen da ke da masu su: a SymPy `E` da `I` da `N` da `S` duk suna da ma'ana, in ka shigo da komai da alamar tauraro sannan ka ce `I = 5`, ka shafe lambar kwamfileks ɗin ba ka sani ba.

Wane aiki ne za mu duba mu koyi tsari mai kyau?

Biyu nake nuna wa ɗalibai. Na farko rabe-raben yiwuwa a R. Kowane rabo yana da fankshin huɗu da harafin farko ya bambanta su: d na kauri, p na tarin yiwuwa, q na juyin p, r na zaro lambobi da ka. In ka san `dnorm` da `pnorm` da `qnorm` da `rnorm`, ka san `dbinom` da `rpois` ba tare da an koya maka ba. R ɗin dai a wasu wurare ya cakuɗe, za ka ga `read.csv` da `readRDS` da `seq_len` a gida ɗaya, wanda ke nuna maka abin da ke faruwa in hannaye da yawa sun yi shekaru suna ƙari ba a tsayar da doka ba.

Na biyu shi ne mathlib, taskar lissafin da aka tabbatar da yaren Lean, wadda ta haura layi miliyan ɗaya kuma ɗaruruwan mutane suka sa hannu a cikinta. A can sunan ƙa'ida yana karanta abin da ƙa'idar ta ce. `add_comm` shi ne a + b = b + a, `mul_comm` na ninkawa ne. `add_zero` shi ne a + 0 = a, `zero_add` kuma 0 + a = a, jerin kalmomin ya bi jerin alamomin. Kalmar `of` tana raba sakamako da sharuɗɗansa: `lt_of_le_of_lt` na nufin in a ≤ b kuma b < c, to a < c. Mai neman ƙa'ida a cikin dubun dubata yakan zauna ya ƙaga sunan da ya kamata ta samu, ya buga, ya tarar tana nan. Ba don wannan tsarin ba, mutane da sun yi ta sake tabbatar da abin da wani ya riga ya gama.

Na gaji aikin da sunayensa suka cakuɗe. In zauna in gyara su duka?

Kada ka yi gaggawa. Fara rubuta gwaje-gwajen da ke riƙe amsoshin da manhajar ke bayarwa yanzu, don in ka taɓa wani abu ka san ko ka karya. Sannan ka bambanta sunan da ke da muni da sunan da ke ƙarya. `tmp2` muni ne, zai iya jira. Fankshin mai suna `variance` da ke dawo da mizanin warwatsuwa ƙarya yake yi, shi za a fara gyarawa. Kuma sauya suna ya tafi shi kaɗai, kada ka haɗa shi da sauya lissafi a tura su tare, domin mai dubawa ba zai iya gano inda amsa ta canza ba.

In mutane sun riga sun fara amfani da laburarena, ta yaya zan canza suna ban karya musu aiki ba?

A hankali, da sanarwa. Ka kawo sabon sunan, ka bar tsohon yana aiki amma yana fitar da gargaɗin da ke faɗin sunan da za a koma, ka ba da lokaci mai tsawo, sannan ka cire. NumPy ya fara gargaɗi a kan `np.float` a siga 1.20 a farkon 2021, bai cire shi ba sai siga 1.24 a ƙarshen 2022. Duk da haka mutane da yawa sun wayi gari aikinsu ya tsaya, domin ba su karanta gargaɗin ba. A siga 2.0 ta watan Yunin 2024, babban sauyi na farko tun 2006, an yi shara sosai: `np.NaN` da `np.Inf` sun tafi an bar `np.nan` da `np.inf`, `trapz` ya samu sabon suna `trapezoid`, an kuma ƙara `asin` da `acos` kusa da `arcsin` da `arccos` don su dace da sauran laburare.

Ka tuna da wanda ke can ƙarshen igiyar. Ɗalibin da ya sayi data da kuɗin abincinsa ya sauke darasin da aka rubuta shekara uku baya, ya gwada, ya ga jan rubutu, ba zai san suna aka canza ba, zai ɗauka shi ne bai iya ba. Saboda irinsa nake cewa saƙon kuskuren ya faɗi sabon sunan ƙarara, kuma kada a canza sunan da jama'a suka saba da shi sai da dalili mai ƙarfi.

Mun kasa daidaitawa a tawagarmu, kowa da salon da yake so. Wa zai yanke?

Ku zauna sau ɗaya ku rubuta shafi guda. A ciki ku faɗi salon haruffa, da yaren sunaye, da yadda ake nuna ma'auni, da jerin ƙimomin da ke yawan maimaituwa, da ɗan ƙamus na kalmomin aikinku, don kada wani ya ce `rate` wani ya ce `scale` a kan abu ɗaya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: `rexp` na R `rate` yake karɓa, `exponential` na NumPy kuma `scale`, ɗayan kishiyar ɗayan ne, in wannan 4 ne wancan 0.25 ne. Inda kuka kasa yarda, babban tawaga ya yanke, wanda ra'ayinsa bai ci ba ya bi. Sabon zuwa kuma, ko da ya fi kowa karatu, ya fara bin abin da ya tarar, in yana da gyara ya kawo shi a zauna.

Akwai manhajar da za ta duba mana sunayen da kanta?

Akwai. A Python, Pylint da Ruff suna iya kama sunan da ya saɓa wa PEP 8, kuma ana iya saita su su ƙyale `A` da `X` na matiriks, waɗanda in ba haka ba za su yi ta ƙorafi a kansu. Ku sa su riƙa gudana duk lokacin da wani ya tura sabon aiki, sai gardamar babban baƙi da ƙarami ta fita daga hannunku. Amma siffar suna kaɗai suke gani. Ba za su gaya muku `amount` ɗin nan kwabo ne ko naira ba, ko `std` ɗinku da n yake rabawa ko da n − 1. Wannan sai mutum ya karanta, sai kuma gwajin da aka rubuta da lambobin da aka san amsarsu tun farko, kamar 2 da 4 da 6 ɗin nan, ko alƙiblar Legas da ta kamata ta fito wajen digiri 63.